Nomau da Katin Maki

A ƙauyen Kukar Bawa, can bayan gada inda kwalta ta ƙare, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ba ya faɗa da kowa, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma in ya kama fartanya sai an je an gaya masa rana ta faɗi. Aibinsa guda ɗaya ne. Yadda magana ta fito daga bakinka haka yake haɗiye ta, ba ya ɓare mata ɓawo. Tun yana saurayi aka san shi da wannan, ranar da mahaifiyarsa ta ce ya sa mata ido a kan tukunyar miya, ta dawo ta iske ya kifa fuska a kan murfi, girarsa ta babbake, miya kuma ta ƙone ƙurmus.

Gidansu mutum uku ne da jaki. Akwai mahaifiyar tasa, Inna Tabawa, wadda tsufa ya rage mata haƙora amma bai rage mata magana ba. Akwai matarsa Yalwa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mace mai kaifin kai da saurin baki, wadda ta san halin mijinta sarai, sai dai kullum sai magana ta riga ta fita take tunawa. Katanga ɗaya kuma ta raba su da Mamuda tela, wanda ya taɓa yin shekara biyu a Kaduna, saboda haka babu abin da bai sani ba a duniya.

A shekarar da nake ba ku labari, wani attajiri ya buɗe ƙaton kanti a cikin gari, ya sa masa suna Kantin Sai Ka Dawo. Irin kantin nan ne da kake ɗaukar kwando ka zaga da kanka, sanyi na busa ka, ba ciniki, ba gyara.

Wata rana Yalwa ta aiki Nomau cikin gari ya sayo gishiri da sabulun wanki. Ya ɗaure jaki a gindin dalbejiya, ya cire takalmi a ƙofar kanti, ya shiga da sallama. Da ya zo biya, yarinyar da ke karɓar kuɗi, mai suna Haulatu, ta dube shi ta ce, "Malam, kana da katinmu?"

Ya ce, "Ina da katin zaɓe."

Ta ce, "Ba shi ba." Ta tambayi sunansa ta rubuta, ta miƙa masa wani koren kati mai santsi. "Kyauta ne. Kana saye, kana tara maki. In ka tara maki da yawa, akwai babbar kyauta."

Nomau ya kamo hanya yana juya maganar. Shi dai a saninsa, mace ake ce wa "maki", namiji kuwa "maka" ake ce masa. Ashe saƙon na Yalwa ne aka ba shi ya kai. Yana shiga gida ya ce, "An ce in riƙa tara maki."

Yalwa ta ce, "Ka tara mini me?"

"Ba ta faɗa ba. Ta dai ce in tara maki da yawa."

Yalwa na cikin suya, ta ce masa to ya yi ta tarawa. Washegari ya tara mata itace a ƙofar ɗaki. Jibi ya ƙaro karan dawa, da goriba, da gwangwanayen madara, da wata tsohuwar tayar keke. Kwana na uku da asuba Yalwa ta tura ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ta taga aka miƙa mata buta. Mamuda ne ya leƙo ta kan katanga ya yi bayani, ya ce makin nan irin na makaranta ne, wanda ake ba yara in sun ci jarrabawa, a cikin katin yake zama, ba a ganinsa.

Nomau ya ce, "To ni da ban zauna jarrabawa ba?"

Inna Tabawa ta ce a bar mata itacen dai, shi ne kaɗai abin da ta gani da idonta.

Wata rana ya koma kantin sayen sukari, ya miƙa kati da hannu biyu. Haulatu ta latsa na'urarta, ta sake latsawa, ta ce, "Yau babu sabis, Malam. Kuma maki ba ya shiga sai an goga katin. Ka dawo jibi a goga."

Nomau ya ga babu dalilin da zai ɗora wa yarinyar mutane aikin da zai iya yi da kansa. Ya dawo gida ya ari dutsen gugar Mamuda, ya cika shi da garwashi, ya fifita har ya yi ja. Ya shimfiɗa katin a kan tabarma, ya guntsi ruwa ya fesa masa kamar yadda ake yi wa shadda, ya ɗora dutse ya danna da ƙarfinsa duka. Wani wari ya tashi. Da ya ɗaga, ba kati a tabarma, ya koma gindin dutsen ya liƙe, ya nannaɗe kamar ganyen rama a tukunya.

Jibi sai ga shi a gaban Haulatu, ya ajiye mata dutsen guga a kan tebur, ya juya mata gindinsa.

"Na goga. Nawa ya shiga?"

Haulatu ta kifa kai a kan tebur tana dariya har manaja ya fito daga ofis ya ga ko lafiya. Shi ma da ya ji bayani sai da ya dafa bango. Aka ba Nomau sabon kati, Haulatu ta nuna masa yadda ake zura shi a bakin na'ura, ta ce, "Ni ce mai gogawa, ba kai ba. Kai naka, duk lokacin da ka yi sayayya ka nuna shi." Dutsen kuwa ya koma wa mai shi, kuma a ranar nan Mamuda ya ɗora shi a kan farar rigar mai unguwa. Har yau in mai unguwa ya juya baya za ka ga koren tambari a tsakanin kafaɗunsa.

Wata rana, ranar kasuwar Kukar Bawa, Nomau ya fita da kati a aljihun gaba. Ya sayi albasa, ya nuna wa mai albasa. Ya sayi ƙashin miya, ya nuna wa mahauci, mahauci ya ce shi ba ya karatun boko. Wanzami na tsakiyar yi masa aski ya zaro kati ya kanga masa a fuska, saura kaɗan kunne ya tafi. Daga nan ya tsaya wurin Gwaggo Gaje mai ƙosai, tsohuwar da ta fi shekara talatin tana suya a gindin tsamiya. Ya saya, ya nuna kati.

Ta ce, "Me zan yi da wannan, ɗan nan?"

"Maki za ki sa mini, Gwaggo."

Gwaggo Gaje ta dube shi, ta dubi katin, ta sa matsami ta ɗebo ƙosai biyu masu zafi ta ƙara masa. "Ga makinka nan."

Nomau ya ji daɗi ƙwarai, don yau ne ya fara ganin maki ido da ido. Ya kai ɗaya baki ke nan ya tuna ba cin maki ake yi ba, tara shi ake yi. Ya ƙulle su a leda, ya kai gida, ya jefa a wani tsohon tulu, ya tura ƙarƙashin gado. Kullum da safe ya je ya saya, a ba shi biyu, ya kawo tulu. A kwana na tara Yalwa ta ce ɓera ya mutu a ɗakin nan. Aka fitar da tabarmi, aka ɗaga katifa, aka kwashe kwanuka. Da aka jawo tulu, Nomau ya rungume shi ya ce kada a taɓa, sun kai goma sha takwas.

Inna Tabawa ta toshe hanci da gefen zane ta ce, "Makin da aka ba ka da zafinsa, ga yaji a kai, ka bar shi ya yi gashi. Wanda ba ka taɓa gani ba kuwa har guga kake yi masa."

Wata rana Yalwa ta ce bari ta bi shi ta ga kantin nan da idonta. Suna shiga, lasifika ta ɗauka: "Albishirinku masu kati. Yau a ɓangaren laima, ka sayi biyu a ba ka ɗaya."

Nomau ya tsaya cak. Ya kama gefen mayafin Yalwa ya ce, "Mu fita."

"Saboda me?"

"Ba ki ji ba? Ka biya kuɗin biyu, su ba ka ɗaya. Kuma ko kunya ba su ji, a lasifika suke faɗa."

Bai tsaya nan ba. Ya bi mutanen da ke layi ɗaya bayan ɗaya yana ba su shawara, ya ce duk wanda ke son laima ya sayi ɗaya a ba shi ɗaya, ya fi masa. Wata tsohuwa ta mayar da nata ta fita. Manaja ya fito da sauri, ya gane shi, ya ja shi gefe ya yi masa bayani da yatsu: biyu naka ne da ka saya, na ukun mu muka ƙara.

Nomau ya ce, "To ka ce gyara mana."

Manaja ya ce, "Mu a nan ba ma gyara. Garaɓasa ce."

Don ya wanke laifinsa, Nomau ya sayi laima biyu aka ƙara masa ɗaya. Lokacin kuwa an kwana biyu da girbi, saura wata shida ruwa ya sauka.

Amma duk abin nan da ake yi Yalwa ba ta wurin. Ƙafarta ta kai ta tsakiyar kanti, inda aka ɗora wani injin niƙa a kan dakali, ja jawur, sabo fil, an ɗaura masa farin ƙyalle. Ta tambayi Haulatu, Haulatu ta ce wannan ita ce babbar kyauta, ta wanda makinsa ya kai dubu goma. Yalwa ta tsura wa injin ido. Shekara bakwai ke nan tana ɗaukar soyayyiyar gyaɗa a ka, ta taka har ƙauyen gaba wurin mai inji, ta yini a layi, wani lokaci ya ce babu mai ta dawo da kayanta. Ta sa hannu ta shafa injin. Tun daga ranar nan katin ya tashi daga aljihun Nomau ya koma ƙullin zanenta.

Wata rana ta ba shi kati da cinikin mako guda, ta ce, "Ka bar zancen gishiri. Ka tambaye su abin da ya fi kawo maki, shi za ka sayo."

Ya tambaya. Haulatu ta duba ta ce wannan makon man goge mota ne, makinsa ninki uku. Ta ce, "Kana da abin hawa dai ko?"

Ya ce, "Yana waje a ɗaure."

"To shafa masa za ka yi, ka murza da tsumma. Sai ya yi sheƙi kamar sabo."

Ya sayi gwangwani shida. Da ya isa gida ya kai jaki bayan rumbu, ya shafe shi tun daga kunne har wutsiya, ya murza, ya sake shafawa. Gaskiyar Haulatu, jaki ya yi sheƙi, har kaji na zuwa suna ganin fuskarsu a cikinsa. Washegari aka ɗora akumari, ya zame. Aka ɗaure da igiya, aka ɗora mangalar taki, jaki ya taka sau uku, mangala ta sulale ta juye a ƙofar Mamuda. Nomau ya ce bari ya hau ya gwada, ya hau ta dama ya sauka ta hagu ba tare da ya yi niyya ba. Mako biyu jakin nan yana hutu, yana yawo a gari yana ƙamshi, Nomau na ɗaukar taki a ka.

Mamuda ya share ƙofarsa yana tsaki. Shi ma yana da kati, kuma ya ce shi da lissafi yake tara nasa, ba da hauka ba. Ya ce injin nan a ƙofar shagonsa zai kwana, kowa ya rubuta ya ajiye.

Wata rana Nomau ya je sayen ashana, Haulatu ta goga kati, ta ɗan ɓata fuska. "Malam, makinku na farko ya kusa mutuwa. In ba ku motsa katin nan ba, ƙarshen wata zai mutu."

Nomau ya fito jiki a sanyaye. Bai wuce ko'ina ba sai kemis. Ya ajiye kati a gaban mai kemis ya ce a duba shi, in allura ce a yi. Mai kemis ya juya katin gaba da baya, ya ce shi a iya karatunsa lafiyarsa ƙalau. Nomau ya ce to saura motsi. Tun daga ƙofar kemis ya fara kaɗa kati kamar mafici, yana tafe yana kaɗawa. A gida yana cin tuwo da dama yana kaɗawa da hagu. Da hannu ya gaji, ya huda gefen katin ya ɗaure a wutsiyar jaki, tunda ita ba ta hutawa. Yalwa ta tambaye shi me ke faruwa, ya ce kada ta damu, jinya yake yi, kuma da sauƙi.

Ƙarshen wata ya je a duba. Haulatu ta shinshina katin, ta goge shi da takarda, ta zura. Ta ce, "Ai sun mutu. Na ce ku motsa, ku yi sayayya."

"Ba ki ce sayayya ba."

"Ita ce motsin."

Wannan karon Yalwa ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi, wuta ta cinye ba ta iza ba. Rabin abin da ta tara ya tafi, ga laima uku a rataye, ga gwangwani huɗu ba a buɗe ba. Nomau ya tsuguna nesa kaɗan da ita, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri. Na yi iya ƙoƙarina, kwana ne ya ƙare."

Wata rana labari ya iso Kukar Bawa cewa ranar Asabar kantin zai cika shekara, kuma duk abin da ka saya makinsa ninki biyar ne. Mamuda ya zauna da alli a ƙasan shagonsa ya yi ta zane, ya ce duk mai ƙarfin hali ranar nan zai ɗauki inji. Shi har ya sayar da kekensa na ɗinki guda, ya bar ɗaya.

Yalwa tana da raguna biyu da ta yi wata takwas tana kiwo da dussa da ƙuli. Ta sa aka kai su kasuwa. Ta haɗa da gyaɗar da ta ajiye ta jari, ita ma ta sayar. Inna Tabawa ta kira ta ɗaki ta ce, "'Yar nan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In kika juye jarinki a taliya da turare, injin me zai niƙa?"

Yalwa ta ce, "Inna, in inji ya zo, komai zai zo."

Ta so ta je da kanta, sai ana gobe mai ya fallatso mata a ƙafa, ta kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Da gari ya waye ranar Asabar ta aika a roƙi Mamuda su tafi tare da Nomau, aka ce ai tun bayan sallar asuba ya hau acaɓa, ba ya son kowa ya riga shi. Ba yadda za ta yi. Ta zaunar da mijinta, ta ƙulle kuɗi da kati a tsumma, ta ɗaure masa a ƙugu da hannunta. Wannan karon ta auna maganarta kafin ta sake ta.

"Malam, abu biyu ne kawai. Na ɗaya, ka kashe kuɗin nan duka a sayayya, kada ka rage ko sisi. Na biyu, kada ka dawo gidan nan sai da inji. Maimaita."

Ya maimaita daidai. Ta sa ya sake, ya sake.

Da ya isa gari, ƙofar kanti ba masaka tsinke. Mutane sun yi layi uku, wani ya miƙe har bakin titi, wani ya lanƙwasa ya bi bayan masallaci. Nomau ya rasa wanne ne nasa. Ya ga wani dattijo mai rake a gefen hanya, ya gaishe shi ya ce, "Baba, don Allah ina ne layin masu inji?"

Dattijo ya nuna da wuƙarsa. "Layin masu inji? Ai ba nan ba ne. Shiga kasuwa, ka wuce 'yan ƙarfe, ka karya dama."

Nomau ya gode, ya ja jakinsa. Ya wuce 'yan ƙarfe, ya karya dama, sai ga shi a wani layi da injuna ke jere hagu da dama, manya da ƙanana, ba ƙyalle, ba turereniya. Ya yi mamakin yadda mutane suka bar nan suka je can suna shan rana. Ya tsaya a rumfar wani mai suna Malam Iro, ya nuna wani shuɗin inji, ya kwance tsumma ya zube komai a kan benci, ya ɗora kati a sama.

Malam Iro ya ture katin gefe, ya cire kuɗin injinsa, ya turo masa saura. Sauran ya fi rabi.

Nomau ya mayar masa. "An ce in kashe duka."

"Kuɗin injin ke nan na ɗauka, bawan Allah."

"To ƙara masa kuɗi."

Malam Iro ya shekara ashirin a kasuwa, bai taɓa ganin mai saye yana ciniki sama ba. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma maƙwabtansa sun fara taruwa suna kallo. Ya tambayi Nomau wa ya aiko shi, me take sayarwa, Nomau ya faɗa masa komai har da ƙafar da ta kumbura. Malam Iro ya ce to zauna. Ya haɗa masa da bel na canji da baƙin mai da jarkar fetur. Kuɗi bai ƙare ba. Ya raka shi da kansa wurin 'yan gyaɗa, aka auna buhu uku. Bai ƙare ba. Suka zarce kara, wurin masu dabbobi, aka kama tunkiya mai ciki. Aka yi jinga da mai amalanke. Da 'yan canjin da suka rage Nomau ya koma wurin dattijon nan ya sayi rake sanda biyu, ya kakkaɓe tsumma a gabansa don ya zama shaida.

Da la'asar amalanke ta tsaya a ƙofar gida. Yalwa ta fito tana ɗingishi, ta hango inji, ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai ta tsaya. Ta zagaya shi.

"Wancan ja ne."

"Wannan shuɗi ne."

"Ina farin ƙyallen? Ina kayan kanti?"

"Ban shiga kanti ba. Layin masu inji na bi."

Ta karɓi kati ta dube shi kamar zai yi magana. Ta tambaya maki nawa ya shiga, ya ce ko ɗaya. Yalwa ta zauna a kan turmi. Ranar ninki biyar guda ɗaya a shekara, mutumin nan ya je har ƙofa ya juya. Ta fara magana, kuma duk Kukar Bawa sun san in Yalwa ta fara ba a tare ta. Tana cikin lissafa masa tun daga itace har wutsiyar jaki, idonta ya sauka a kan buhunan gyaɗa, muryarta ta ragu. Tunkiya ta yi kuka. Ta dubi tunkiya, ta dubi jarka.

"Wannan duk a cikin kuɗin?"

"Har da rake. Na sha ɗaya a hanya, ga ɗaya."

Ana shirin kiran magariba wata amalanken ta shigo gari, Mamuda na tafe a bayanta, hularsa a hannu. Katan-katan na taliya, da biskit, da turaren ɗaki, da man gashi, an jibga har sama. A can ƙololuwa an kifa wata robar wanki mai ɗauke da sunan kanti. Mutane suka tare shi suna tambayar inji. Ya ce makinsa ya cika, har ya yi rara. Sai dai injin guda ɗaya ne tak, kuma tun ƙarfe tara wata mai gidan abinci, wadda da mota take sayayya, ta ɗauke shi. Duk wanda ya cika bayanta roba aka ba shi.

Yana faɗar haka idonsa ya faɗa zauren Nomau. Ya matso, ya taɓa injin, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Nomau, maki nawa ka ba su?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Kuskure na yi, Mamuda. Ɓatan layi na yi, da kuɗi na saya."

Mamuda ya tambayi nawa, Nomau ya faɗa. Mamuda ya juya ya dubi amalankensa tun daga taya har robar da ke sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga gida ba sallama.

Da hantsi washegari aka tayar da inji a zaure. Ƙararsa ta kai har bakin gada, kafin azahar mata sun jera kwanuka tun daga ƙofa har gindin tsamiya, masu gero da masu wake da masu tattasai. Matar Mamuda ma ta zo da markaɗe, ta tambaya ko Yalwa za ta karɓi taliya a madadin kuɗi. Inna Tabawa ta sa aka fito mata da tabarma kusa da injin, ta ce ƙarar ba ta damunta.

Da aka kashe inji, Yalwa ta kawo wa mijinta tuwo da kanta, ta juye masa duk naman da ke cikin miyar. Ta ga yana juya loma bai kai baki ba.

"Malam, lafiya?"

Ya ce, "Abin ne ke damuna. Malam Iro mutumin kirki ne, amma ya ci amanarmu. Duk sayayyar nan da na yi, na nuna masa kati sau uku, ko sau ɗaya bai goga ba. Gobe zan mayar masa da injinsa in ji dalili."

Yalwa ta tashi da ɗingishinta, ta jawo ƙyauren zaure, ta sa kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zane. Sannan ta dawo ta zauna ta tura masa kwano.

"Ka yafe masa, Malam. Ci tuwonka."